Keken ɗinki a cikin gida: Kula da shi, kula da lafiyar iyali

A wannan makon zan ɗan ajiye maganar allurar asibiti, in ɗauko ta wata allurar, wadda ake ɗinki da ita. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya ƙara kuɗi, har da ɗinki. Tela kuma ba shi da laifi, domin shi ma haya da wuta da zare duk sun hau masa. Wannan ya sa gidaje da yawa suka jawo tsohon keken da aka jingine a lungu ana ɗora masa kwanuka, aka kakkaɓe shi, uwargida ta koma yin faci da rage tsawon wando da kanta. Abin farin ciki ne. Sai dai keke baƙo ne mai zuwa da allura da fil da reza da almakashi da mai, kuma duk waɗannan suna shigowa ne cikin ɗakin da yara ke rarrafe.

Aikina harhaɗa magunguna ne, a wani kantin magani nake a nan Legas, amma ranakun hutu ina ɗinki. Goggona ce ta koya mini ina 'yar shekara 12, a wani dogon hutun makaranta. Keken da nake aiki da shi baƙin Butterfly ne na ƙafa, yana cikin kayan ɗakin mahaifiyata, wato ya girme ni. Har yau ɗinkinsa ba ya tsalle. Ban taɓa ganin wani sirri a cikin wannan ba illa goga da mai da rufewa. Ita kuwa ɗaya fuskar ta ɗinki, wadda nake gani daga bayan kanta, ita ce ta yatsan da allura ta huda, da yaron da ya kurɓi abin da ba na sha ba, da telan da ke neman maganin ciwon baya a makon sallah. Fuskokin nan biyu nake so mu duba tare.

Abin da ya fi dacewa a ɗinka a gida

Ba na ba wa mai koyo shawarar ta fara da shadda ko leshi mai tsada. Ta fara da madaidaicin ɗinki: rigar filo, zanin gado, labulen kicin, kalmasar zani da mayafi, jakar islamiyya ta yara. Daga nan sai gyare-gyare, kamar sauya zif, sa roba a wandon yara, facin gwiwar yunifom, da buɗe kalmasar siket idan yarinya ta ƙara tsawo. Irin waɗannan ƙananan ayyukan su ne ke cinye kuɗi ba a sani ba, kuma su ne tela ba ya son karɓa idan aiki ya yi masa yawa.

Akwai ɗinki biyu da nake ɗauka a matsayin aikin lafiya kai tsaye. Na farko gyaran gidan sauro. Gidan sauro mai magani an yi shi ne ya kai kimanin shekara 3 ko wanki 20 yana aiki, amma yawanci huji ke kashe shi tun kafin maganin ya ƙare. Hujin da bai fi kan yatsa ba, zare da allurar hannu sun ishe shi, in kuma ya yi girma a sa masa faci. A wanke shi da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa, domin rana tana rage ƙarfin maganin. Na biyu ƙunzugun al'ada na yadi ga 'yan mata, yanzu da audugar mata ta kanti ta yi tsada. Yadin auduga mai laushi da tsohon tawul mai tsabta a tsakiya sun wadatar. Sharaɗin shi ne a riƙa sauyawa a kan lokaci, a fara ɗauraye shi da ruwan sanyi, a wanke da sabulu, a shanya a rana ya bushe ƙayau. Wanda aka ɓoye a ƙarƙashin gado saboda kunya ba ya bushewa, kuma danshin nan shi ke jawo ƙaiƙayi da wari.

Kayan jarirai kuwa suna da ƙa'idarsu. A wanke sabon yadi kafin a yanka, saboda sinadaran da ake sa masa a masana'anta suna iya sa wa fata mai taushi ƙuraje, kuma yadin auduga yana tsukewa a wankin farko. Kada a sa igiyar zuge a wuyan rigar yaro ko a hularsa, tana iya maƙalewa a wani abu ta shaƙe shi. Duwatsun ado da ƙananan maɓallai a bar wa manya, jariri komai ya kama baki yake kaiwa. A kuma juya safar hannu da ta ƙafa a yanke zaren da ke reto a ciki. Siririn zare yakan naɗe yatsan jariri ya hana jini gudu, yaro ya yi ta kuka an rasa dalili, sai an cire safa a ga yatsa ya kumbura.

Abin da keke yake buƙata

Irin baƙin keken da ya cika gidajenmu tsohon tsari ne, tun bayan da Isaac Singer ya yi rajistar nasa a Amurka a 1851 ake ta gyara shi har ya zauna a wannan siffa. Butterfly da ake ƙerawa a ƙasar Sin shi ma wannan tsarin ya bi. Kusan komai nasa ƙarfe ne yana gogar ƙarfe, don haka maƙiyansa uku ne: ƙura, bushewa da tsatsa. Wadda ke zaune a Jos ko Abuja ƙurar hunturu ce ta fi damunta. Mu na Legas da Fatakwal laima ce ke cin mu, allurar da aka bari a waje a damina cikin 'yan kwanaki za a ga ta fara ja.

Ga yadda nake yi. Duk lokacin da na gama aiki mai ɗan yawa, nakan cire allura, in kwance farantin ƙarfen da ke ƙarƙashinta, in sa tsohon buroshin haƙori in share burbushin yadi da ya taru tsakanin haƙoran keke da kewayen gidan kwarkwaro. Wannan burbushin yana shanye mai, in ya daɗe sai ya dunƙule ya hana haƙoran jan yadi daidai. Ba na hurawa da baki, domin hucin baki danshi ne, kuma ƙurar ciki take ƙara shigewa, wata ta koma hanci da ido. Mai asma ta ɗaura takunkumi kafin ta fara wannan shara, ta kuma buɗe taga.

Bayan shara sai mai. Ɗigo ɗaya a kowane ramin mai, ɗigo ɗaya a inda kwarkwaro ke juyawa, sannan a kwantar da kan keken a ɗiga a gaɓoɓin da ke motsi a ƙasa. A kantin magani muna cewa abin da ya raba magani da guba shi ne adadi, to haka man keke yake. In ya yi yawa ƙura yake kamawa, ya kuma ɓata farin yadi. Bayan an sa, a ɗinka wani tsumma na ɗan lokaci har man ya daina fitowa. Wadda ke ɗinki kullum ta sa mai a kai a kai, ko da sau ɗaya ne a mako. Wadda ke yi jefi-jefi ta sa duk ranar da za ta fara bayan an daɗe ba a taɓa shi ba. Sabon keken lantarki mai jikin roba kuwa a bi abin da littafinsa ya ce, wasunsu wuri ɗaya ko biyu kawai ake sa wa.

Man keke kaɗai ake sa wa keke, farin nan mai ruwa-ruwa. Man gyaɗa da manja da man zaitun suna sa shi ya yi laushi a ranar farko, daga baya iska ta sa su yi danƙo kamar ƙaro, keke ya ƙage. Baƙin man mota ya yi kauri, yana kuma ɓata kaya. Idan an gama aiki a sa ƙyalle a ƙarƙashin ƙarfen da ke danne yadi, a sauke shi, a rufe keken da mayafinsa. A keken ƙafa a zame bel daga kan babbar tayar, wannan yana hana bel ɗin saurin saki, yana kuma hana yaro taka feda allura ta motsa. Na lantarki a zare shi daga soket, saboda yara da kuma wutar da ke dawowa da ƙarfi.

Mafi yawan abin da ake kiran mai gyara a kai, uwargida za ta iya maganinsa. Idan zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, galibi zaren sama ne bai zauna daidai ba. A ɗaga ƙarfen danne yadi, a zare zaren gaba ɗaya a sake sa shi daga farko, domin sai ƙarfen yana sama faifan da ke matse zare suke buɗewa. Idan ɗinki yana tsalle ko zare yana yawan tsinkewa, a fara sauya allura kafin a taɓa wani noti. Kan allura yana dakushewa bayan kimanin awa 8 na ɗinki, ko da ido bai gani ba. A kuma daidaita lambarta da yadi: 11 ko 12 ga yadi marar nauyi, 14 ga atamfa, 16 ko 18 ga jins da yadi mai kauri. Kada a ja yadi da ƙarfi ta baya, aikin haƙoran keke ne su tafi da shi. Jan yadi ne ke lanƙwasa allura ta bugi farantin ƙarfe ta karye, kuma gutsuren yana iya tashi ya faɗa ido. Almakashin yadi kuma a hana yara yanka takarda da kwali da shi.

Fil a baki

Wannan ita ce ɗabi'ar da ta fi tayar mini da hankali, kuma mata masu ɗinki da 'yan mata masu ɗaura mayafi duk suna yin ta. A riƙe fil biyu ko uku a leɓe, hannu yana aiki. Dariya ɗaya, ko tari, ko a kira sunanki ki amsa, sai fil ya wuce. Wani yakan bi hanyar abinci, wani ya bi hanyar iska ya sauka cikin huhu. Likitoci a ƙasashe irin su Turkiyya da Masar sun yi rubuce-rubuce a kan 'yan matan da fil ɗin mayafi ya faɗa musu huhu ta wannan hanya. Ciro shi sai an sa wa mutum maganin barci an zura na'ura ta maƙoshi, wani lokaci ma sai an yi tiyata. Abin da ke ruɗar mutane shi ne bayan tarin farko mutum yakan ji ya koma daidai, alhali fil ɗin yana ciki.

Idan haka ta faru, ga babba ko yaro, kada a sa yatsa a maƙogwaro don a jawo amai, kada a ba da lomar tuwo ko ayaba ko burodi wai don ta tura shi. A daina ci da sha, a tafi asibitin da ke ɗaukar hoto, a faɗa musu abin da aka haɗiya da lokacin da aka haɗiye shi. Rigakafin kuwa ba shi da tsada. Ɗinkina na farko da nake ba duk mai koyo shi ne ɗan matashin soka fil, mai robar da ake sa wa a wuyan hannu. Ragowar atamfa da ɗan soso sun isa, minti 15 an gama.

Nakan ƙirga allurai da fil da na fitar, in sake ƙirgawa idan na tashi, kamar yadda ake ƙirga kayan aiki a ɗakin tiyata. In ɗaya ya ɓace, ina da babban maganaɗisu da nake bi da shi a kan leda da kafet. Na ce babba da gangan, saboda ƙananan maganaɗisu su kansu haɗari ne, idan yaro ya haɗiyi biyu suna iya manne wa juna ta jikin hanji su huda shi. Karyayyun allurai da tsofaffin reza ba na jefa su a kwandon shara haka kawai, akwai masu kwasar shara da yaran da ke tone bola. Ina tara su a robar magani da ta ƙare, mai murfin da yaro ba ya iya buɗewa, bayan na ɓare takardar jikinta na rubuta abin da ke ciki. Gidan da ke da mai ciwon suga a ninka kula, domin da yawansu ƙafarsu ba ta jin zafi sosai, sai su taka allura ba su sani ba har wurin ya zama gyambo.

Man keke da kananzir

Wata rana da yamma wata mata ta shigo kantinmu a guje da yaro ɗan kimanin shekara 2, bakinsa da rigarsa duk manja. Kananzir ya sha, wanda aka zuba a gorar ruwa don wanke keke, maƙwabta kuma suka ɗura masa manja. Yana tari, numfashinsa yana sauri. Ban ba shi komai ba, na sa aka tare mota aka wuce da shi asibiti, kuma Allah Ya sa ya samu sauƙi bayan kwanaki a kwance. Abin da na gaya wa mahaifiyar daga baya shi nake maimaitawa a nan.

Kananzir da man keke haɗarinsu ya fi yawa a huhu fiye da ciki. Suna da santsi, ɗan kaɗan ya zame ya shiga hanyar iska sai ya ƙona huhu ya jawo ciwon da ke kama da nimoniya. Amai shi ne ke ba su hanya ta biyu ta shiga huhun. Saboda haka duk abin da zai jawo amai, ko yatsa ne, ko ruwan gishiri, ko ɗurar manja da madara, ƙara ta'azzara lamarin yake yi. Manja ba ya karya guba. A cire wa yaro rigar da ta jiƙe, a wanke masa baki da fata da ruwa, a riƙe shi a zaune, a ɗauki kwalbar abin da ya sha a tafi asibiti ko da ya ga kamar lafiyarsa ƙalau, domin alamun sukan ɗauki awoyi kafin su bayyana. Kuma kada a taɓa juye mai ko kananzir a gorar ruwa ko ta lemo. Yaro ɗan shekara 2 gora ya sani, bai san abin da ke ciki ba.

A nan zan haɗa da kafur, farin ƙwallon nan da ake jefawa cikin akwatin yadi don kyankyaso da asu. Akwai wani ƙarancin sinadari a jini da ake gado, likitoci suna kiransa G6PD, yana da yawa a Najeriya, ya fi kuma bayyana a 'ya'ya maza. Jaririn da ke da shi, idan aka sa masa kayan da suka sha kafur, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Mafi yawan iyaye ba su san ko ɗansu yana da shi ba. Don haka yadin goyo da kayan jariri da zanin mai jego kada su haɗa akwati da kafur. Maganin laima a gwangwanin allura kuwa, ɗan ƙunshin nan da ake samu a cikin robar magani ko kwalin takalmi yana tsotse danshi, ni shi nake sakawa, in rufe in ɗora a sama.

Idan allura ta huda yatsa

Idan allurar keke ta shiga yatsa, a fara tsayar da keken, na lantarki a zare shi daga wuta. In ta fita gaba ɗayanta, a wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu na 'yan mintoci, a danne da auduga mai tsabta har jini ya tsaya, a shafa aidin, a rufe da filasta. Sannan a duba allurar. In kanta ya gutsure kuma ba a ga gutsuren ba, a ɗauka yana cikin yatsa, a je a ɗauki hoto. Haka in ta ratsa farce ko ta taɓa ƙashi, ko ta maƙale a ciki, asibiti za a je. Kada a tona da reza, kada a zuba man keke ko kananzir ko toka, kada a fasa kafso a barbaɗa garinsa a kai. Idan bayan kwana ɗaya ko biyu yatsa ya kumbura yana zugi, ko ya yi ruwa, ko jan layi ya fara hawa hannu, ko zazzaɓi ya zo, kada a jira.

Sai maganar tetanus, cutar da ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki. Mutane suna cewa tsatsa ce ke kawo ta. Gaskiyar ita ce ƙwayar cutar tana zaune ne a ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, kuma ta fi son rauni mai zurfi mai ƙaramin baki wanda iska ba ta shiga, irin na allura da ƙusa. Sabuwar allura mai ƙyalli da ta faɗi ƙasa ma tana iya ɗaukar ta. Alamun sukan fito tsakanin kwana 3 zuwa 21. Yaran da aka yi wa allurar Penta a mako 6 da 10 da 14 sun samu tushen kariya. Mata kuwa, allurar da ake yi a awon ciki guda 5 ce cikakkiyarta: ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, ta huɗu da ta biyar kowacce bayan shekara guda. Da yawa suna tsayawa a biyu da zarar sun haihu. Uwargida mai ɗinki ta nemo katinta ta duba, in da saura ta je cibiyar lafiya ta matakin farko ta cike. Maza teloli su ne aka fi mantawa da su. Duk wanda ya samu rauni mai zurfi kuma bai san rabonsa da wannan allura ba, ya je a duba shi a ranar.

Allurar ɗinki kuma ba kayan asibiti ba ce. Cire sartse da ita, ko fasa maruru, ko huda kunnen jaririya, sannan a mayar da ita cikin gwangwani wani ya ɗauka, hanya ce ta yaɗa cuta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye. A shagon da masu koyo ke da yawa, allura ko rezar da ta ji wa wani ciwo a jefa ta cikin robar da na ambata, kuma duk wanda ba a yi wa rigakafin ciwon hanta ba ya nema.

Jikin mai ɗinki

Makonni biyu kafin kowace sallah nakan san teloli sun shiga aikin dare, saboda abin da suke zuwa nema: maganin ciwon baya, maganin ciwon wuya, da abin da zai hana barci. Ciwon nan yawanci daga zama yake. Kujera ta yi ƙasa ko ta yi sama, babu abin jingina, haske bai isa ba sai an sunkuya a kan allura. Kujerar da ta dace ita ce wadda gwiwar hannu za ta yi daidai da teburin keke ba tare da an ɗaga kafaɗa ba, da ɗan matashi a ƙugu. A zauna saitin allura, a tashi a miƙe a ɗan taka duk bayan minti 30 zuwa 40. Mai juna biyu ta fi kowa buƙatar wannan, saboda dogon zama yana kumbura ƙafa.

Farasitamol na babban mutum kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, a rarrabe, kuma a tuna magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Ibuprofen da diclofenac dangi ɗaya ne, ba a haɗa su, ba a shan su da yunwa, kuma yawan shansu yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana ƙara hawan jini. Mai ciki kada ta sha su sai likita ya ce, musamman a watannin ƙarshe. Haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba suna ba kwanan wata, a guje shi, sau da yawa akwai irin waɗannan biyu ko uku a ciki. Tramadol kuwa sai da takardar likita. Na ga matasan da suka fara shi don su kai asuba a kan keke, sallah ta wuce, shi bai sake su ba. Idan ciwon baya yana sauka ƙafa, ko yatsun hannu suna dindiris da dare, lokacin ganin likita ya yi.

Ido ma yana da haƙƙi. A sa fitila ta haska kan allura kai tsaye, musamman a baƙin yadi. Duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisa na daƙiƙa 20, a ƙifta ido. Wadda ta kai shekara 40 ta ga zura zare ya fara gagararta, wannan sauyi ne da shekaru ke kawowa ga kusan kowa, gwajin ido da tabarau ne maganinsa. Abin da nake roƙo shi ne kada a sayi maganin ɗigawa don jan ido ba tare da an duba ba. Wasu suna ɗauke da sinadarin siteroyid, suna washe ido da sauri, amma in an daɗe ana ɗigawa suna jawo hawan jinin ido da yana. Idan gutsuren allura ya faɗa ido, kada a murza, kada a yi ƙoƙarin cirewa, a rufe shi da ƙaramin kofi mai tsabta yadda ba zai danne idon ba, a tafi asibitin ido. Masu aikin dare da janareta su ajiye shi a fili nesa da taga da ƙofa, haka dutsen guga na gawayi kada a hura shi a rufaffen ɗaki. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsu ba ta da wari, da ciwon kai da jiri take farawa, sai barci.

Ga maigida kuma ina da roƙo. Idan uwargida ta ɗauke maka kuɗin faci da na labule da na kayan yara, to kujera mai kyau da fitila mai caji da akwati mai makulli na ajiye allura da mai ba su yi yawa ba a matsayin tukwici. Yara kuma a koya musu ɗinkin, maza da mata, idan sun kai shekarun da za su bi umarni, a fara da allurar hannu da sa maɓalli, babba yana zaune kusa. Darasin farko ya zama ƙirga allura da mayar da komai mazauninsa kafin a tashi.

A wannan makon, uwargida ta ware rabin awa ta share kekenta ta sa masa mai, ta duba inda kwalbar man da kananzir suke zaune, ta fitar da kafur daga akwatin kayan jariri, ta kuma nemo katin rigakafinta. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya kare mana zuri'a. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.